Shekarar da Cikatana Ta Makara

A ƙauyenmu, can tuddan Wahaka a kudancin Meziko,
kowa sama yake duba ya san damina.
Kakana Nabor ƙasa yake duba.

Bayan gonar masara akwai gidan tururuwa,
ya girme ni, ya girmi babana,
jar ƙasa tsibi-tsibi, faɗin ɗaki uku.
Da hantsi sukan fito a jere,
kowace da yankin ganyen lemo a ka.

Bana turbar ta mutu.
Rana ta gasa ta, ko kare ba ya takawa.
Sai tsakar dare, in ka haska tocila,
ka ga 'yan tsiraru suna sanɗa,
ganyen ma ya karye kafin a kai ƙofa.
Sauran sun nutsa, in ji Kaka,
sun bi laima ƙasa yadda guga ke bin rijiya.

Mayu ya wuce, Yuni ya raba.
Ranar San Huwan, da cikatana ba ta saɓa alkawari,
Goggo Kirisensiya ta wanke kasko,
ta jera barkono da tafarnuwa, ta zauna.
Aka kaɗa ƙararrawar coci. Ko ɗigo.
Da magariba ta rataye kaskon, ba ta ce uffan ba.

Na ce, Kaka, suna ina?
Ya ce, ƙarƙashin ƙafarka,
dubbai, da fiffike tun bazara,
an ciyar da su sun yi ɓul-ɓul.
Tashi ɗaya tak aka rubuta musu,
asuba guda, su gamu da maza a iska.
Macen in ta sauko ita ke karya fiffikenta,
ta haƙa rami, ta shige, ita da rana har abada.
To da me za ta haƙa dutse?

Ran tara ga Yuli hadari ya haɗo daga teku,
ya yi rugugi kamar da gaske,
ya yi yayyafin da bai kai shan sigari ba.
Ƙanshin ƙasa ya tashi.
Shi ya yaudare su.

Ƙarfe huɗu muka fita da bokiti,
ƙafa cikin takalmin roba don cizon dakarunsu.
Ƙasa ta buɗe baki.
Suka yi ta ɓullowa, fiffike ruwan zuma,
ƙara kamar injin niƙa daga wani gari,
jemage na jira a sama, kaji a ƙasa, mu a tsakiya.
Na cika rabin bokiti ina dariya.

Gari ya waye suka fara saukowa.
Laimar ba ta wuce kaurin farce ba.
Na tsuguna kan wata:
ta karya fiffike, ta tona, ta matsa,
ta tona, ta zaga, ta sake tonawa.
Kafin hantsi ta naɗe kamar ƙwayar wake.
Ana cewa tururuwa in za ta lalace fiffike take yi.
Na gani da idona, ba fiffiken ne ya ci ta ba.

Kaka ya karɓe bokitina.
Ya ɗauki sandar shuka ya nufi inuwar lemo,
ya huda ƙasa, ya huda, ya huda,
ya jawo jarkar da muka saya wajen tanka
ya tsiyaye ta tas.
Goggo na ihu daga ƙofa: feso ashirin, Nabor!
Bai ɗago ba.
Ɗaya-ɗaya yake ajiye su bakin rami,
suna cizonsa, yana tsaki.

Daren nan waina muka ci, da gishiri da barkono.
Goggo ba ta zuba masa kofi ba.

Rami talatin da ɗaya, na ƙirga.
Uku an toshe su daga ciki.
Yau kwana goma sha biyu ba ruwa.
Kullum da asuba nakan ga Goggo can gindin lemo,
da ruwan wanke-wanke a gwangwani,
tana waige-waige kada a gan ta.